Dabaibayin Inkar

Ranar da Inkar ta saki ƙafar kujera ta yi taku da kanta har bakin firij, ubanta Serikbol bai tsaya yin tafi ba. Ya ajiye kofin shayinsa ya sanar wa gidan cewa Aibol Sarsenov ne zai yanke mata dabaibayi, wato zaren da a al'adarsu ake ɗaure ƙafafun yaro da shi in ya fara tafiya.

Matarsa Gulzada ta yi dariya har ta ƙware, don a zatonta wasa yake. A Oskemen kaf babu wanda bai san Aibol ba, amma sanin Serikbol daban ne. Direban bas ne, kuma abokan aikinsa sun daɗe da haƙura da shi: duk ranar da ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garin ke da wasa, sai wani ya karɓi tuƙinsa. Kujerarsa ɗaya a bayan raga, kusa da ta abokinsa Grisha, kuma daga nan ya kalli Aibol tun yana sabon yaro mai siririn wuya har ya zama kyaftin. Ya san yadda yake sunkuyar da kafaɗar hagu kafin ya kwashi faifan wasan da sanda, ya san yadda ƙarfen takalminsa ke feshin ƙanƙara in ya ja birki. Masu tsaron gida kan ga wucewarsa ne bayan fitilar raga ta riga ta kama. Tunda yaro yakan gaji tafiyar wanda ya yanke masa zaren ƙafa, wa zai nemo wa 'yarsa in ba shi ba?

Washegari ya je atisayen safe, ya manna wayarsa a jikin gilashin da ya kewaye filin da bidiyon takun Inkar, ya yi ta buga gilashin har Aibol ya sulalo ya zo. Ya kalli bidiyon, ya ji buƙatar, ya ɗan yi jim kamar mai lissafi. Sannan ya ce wa ke ƙin irin wannan girma, a saurare shi ran Lahadi da hantsi.

Serikbol ya dawo gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Mahaifiyarsa, Apa Kulash, tana zaune bakin taga tana murza baƙin zare da fari a cinyarta, zaren da za a ɗaure ƙafafun yarinyar da shi. Ta saurare shi har ya gama, ba ta ɗaga kai ba.

"Yaya tafiyarsa?" in ji ta.

Ya shiga ba ta labarin gudun Aibol, yadda ya taɓa ratsa mutum huɗu ya bar su suna karo da juna.

"Ban tambaye ka sulɓinsa ba, ɗana. Kaza ma in ka ɗora ta a kan ƙanƙara za ta yi sulɓi. A ƙasa nake nufi, da takalmin mutane. Ka taɓa gani?"

Apa ta tuna masa cewa nasa zaren kawunsa mai jan ƙafa ne ya yanke, don an ji kunyar hana shi, ga shi nan ya ƙare a zaune yana tuƙa masu tafiya. Jikarta ba za a yi mata haka ba. Ta ce ya je ya gano tafiyar mutumin ya dawo ya faɗa mata gaskiya. In ba ta gamsu ba, ko shugaban ƙasa ne ya turo shi, nama zai ci ya koma, almakashi kuwa ba zai taɓa ba.

Abin ya tsaya wa Serikbol a rai fiye da yadda ya zata. Shekara da shekaru yana kallon mutum, ashe bai taɓa ganin ya ɗaga ƙafa ya ajiye ba. Ya zazzage bidiyoyin da ke wayarsa: ko dai Aibol na kan ƙanƙara, ko yana zaune gaban 'yan jarida, ko an ɗauke shi daga ƙirji zuwa sama. Ya je ya laɓe a ƙofar fitar 'yan wasa, sai ya tarar motocinsu daga ƙarƙashin ginin suke fitowa da baƙin gilashi. Ya tuna bikin karɓar kofi na bara, ya nemo hotunan, ashe a kan ƙanƙara aka miƙa shi. Ya tambayi matar da ke sayar da tikiti, ta ce ita ma dai a zaune take ganinsa cikin mota.

Grisha ya ji daɗin lamarin ƙwarai. Ra'ayinsa shi ne Aibol ba shi da tafin ƙafa, da ƙarfen aka haife shi, da daddare a rataye shi jikin ƙusa tare da sanduna. Ya ba da shawarar a tambayi matar Aibol, ko kuma a cinna wa filin wasan wuta a ga yadda zai fito.

"Kai dai ka kawo kyautar yarinya ka rufe mini baki," in ji Serikbol.

Ran Juma'a da rana yana tuƙi ta titin da ya bi gaban asibitin ƙashi, bas cike, ga shi ya makara. Wani mutum cikin doguwar kwat da hular gashi ya shigo mararraba yana tsallakawa. Tsallakawar ba ta ƙarewa. Ƙafafunsa a gwame, yana jefa ta dama gefe, ya tsaya, ya jawo ta hagu, jikinsa na rangaji kamar agwagwa ta ƙoshi. Fitila ta ba Serikbol hannu, mutumin bai kai rabi ba. Ya danna hon, ya zuge gilashi ya leƙa.

"Aksakal, dattijo, yau za ka tsallaka ko mu dawo gobe?"

Mutumin ya juyo. Ya sunkuyar da kafaɗar hagu kafin ya juyo ɗin, kuma tun daga nan Serikbol ya san Aibol ne.

Bai san lokacin da ya buɗe ƙofar gaba ba. Aibol ya gane shi, ya yi murmushi, ya kama ƙarfen ƙofa da hannu biyu ya jawo kansa ciki. Ya tsaya kusa da direba da hularsa a ja har gira, fasinjoji ba wanda ya kula shi, wata tsohuwa ma har ta matsa masa wuri. A hankali ya yi bayani: gwiwoyin duka biyu sun sha wuƙa, ƙugun hagu ma na neman tasa. A kan ƙanƙara babu mai ce masa ya ɗaga ƙafa, turawa kawai yake, jiki ya tafi. Ƙasa ce ba ta da mutunci. Ƙungiya ba ta son a gani, shi ma ba ya so. Serikbol ya gaya masa sharaɗin Apa.

"Seke," in ji Aibol, yana kiransa da gajeren sunan girmamawa, "in tsohuwarku ta ƙi, ba zan ji haushi ba. Yayata ma da nata ɗan, maƙwabciya ta kira."

Serikbol ya ce masa ya manta da wannan zancen, ya dai zo da takalmansa na wasa a bayan mota.

Dabarar ta zo masa ne kafin ya kai tashar ƙarshe. A tsakiyar gidajen unguwarsu akwai ɗan filin ƙanƙara da yara ke wasa, mota na iya tsayawa dab da ƙofarsa. A gida ya ce wa Apa ya ga tafiyar, tafiya ce irin ta manya, babu gaggawar banza. Ya ƙara da cewa falonsu ya yi kaɗan ga jama'ar da za su zo ganin Aibol, gara a shimfiɗa farin ƙyallen da yarinya za ta taka a kan filin. Apa ta dube shi ta saman tabarau ta ce to. Gulzada ta bi shi kicin ta ce ita dai ba ruwanta, kuma in 'yarta ta yi mura shi zai yi jinya.

Lahadi unguwa ta cika. An share filin, an shimfiɗa dardumai da farin ƙyalle, mata na zagayawa da tire na baursak, soyayyen fankensu, mai zafi. Baƙar mota ta tsaya a bakin ƙofar filin, Aibol ya zuro ƙafafu da takalman ƙanƙara a ɗaure, ya dafa ƙofa, sai ga shi a kai. Ya zaga filin sau ɗaya, a hankali ma, hannuwa a baya, amma yara suka ruɗe da ihu, tsofaffi suka cire safar hannu don su yi tafi. Ya zo ya ja birki dab da gefen darduma, garin ƙanƙara ya zubo a kan takalmin Grisha. Serikbol ya ji ƙwalla na neman daskarewa a idonsa.

Sai ya lura babu Apa, babu Inkar.

Taga ta buɗe a hawa na huɗu. Apa ta leƙo da farin ɗankwalinta, ta yi wa baƙo barka da zuwa da murya mai daɗi, ta ce a gidansu ba a sa baƙo aiki bai ɗanɗana gurasar gida ba, kuma ba ta taɓa jin an sa wa mutum albarka yana tsaye a kan wuƙaƙe ba. Ta ce ya hawo. Ginin nasu babu lif.

Serikbol ya fara kame-kame, Aibol ya dafa shi ya ce a miƙo masa takalmansa na mota. A gaban kowa ya zauna ya canja. Da ya miƙe ya nufi ƙofar gini, surutun unguwar ya ɗauke kamar an kashe rediyo. Yaran da ke ihu ɗazu suka bi ƙafafunsa da ido. Grisha, wanda bakinsa ba ya mutuwa, ya cire hula ya riƙe.

Matakalar ta ci lokaci. Aibol yana ɗora ƙafar dama, ya jawo ta hagu ta same ta, ya huta, ya sake. Serikbol ya miƙa masa kafaɗa, ya girgiza kai. Jama'a suka jeru a bayansu babu mai wucewa. A hawa na uku gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Apa kuwa tana tsaye a ƙofarta tun daga farko, tana leƙen kowane taku ta tsakanin ƙarafan matakala.

Ya cire takalmi, ya gaishe ta da hannu a ƙirji. Ta ba shi gurasa ya gutsura. Ga Inkar a tsakiyar falo cikin 'yar riga mai ado, an riga an harɗe mata ƙafafu da zaren, tana jan sa tana mamaki. Almakashi na hannun Apa.

"Tafiya irin ta manya," ta ce, tana duban ɗanta. Serikbol ya sunkuyar da kai. Ta juya ga baƙon. "Ɗana, haka aka haife ka, ko kai ka mai da kanka haka?"

Aibol ya ce shi ya mai da kansa. Yana yaro a ƙauyensu da ƙafa yake kamo 'yan dawaki in sun tsinke. Ta tambayi wanda ya yanke nasa zaren. Ya ce wata mata ce mai raba wasiƙu tsakanin ƙauyuka, wadda ba ta taɓa jiran mota ba. Ta tambayi sunan ƙauyen, da danginsu, da ko matar ta yi tsawon rai, da ko ta mutu da ƙafafunta. Ya ce har ta rasu ba ta riƙe sanda ba.

Apa tana ta juya almakashin. Wata tsohuwar maƙwabciya ta ce abin da ido ya gani shi yaro ke ɗauka. Wata ta ce a'a, abin da ke cikin ƙashi ne. Gardama ta so ta kaure, Apa ta ɗaga hannu.

"Tafiyar da ya ɓarnatar tasa ce, shi ya san inda ya kai ta. Wadda aka ba shi ita zai ba da." Ta miƙa masa almakashi. "Amma ka ji ni da kyau: ranar da na ga ka kawo mata sandar nan taku, da ita zan raka ka."

Saura durƙusawa, gwiwoyin kuwa suka ƙi. Aibol ya gwada dama, ya gwada hagu, sannan ya saki jiki gaba ɗaya ya zube ta gefe a kan darduma, yadda yake zubewa in zai tare faifai da jikinsa. Inkar ta ƙyalƙyale da dariya ta kama masa hanci. Ya yi bismilla, ya ce ƙafarta ta yi sauƙi, hanyarta ta yi fari, ya datse zaren. Mata suka watsa alewa, yara suka rufa a kai.

Gulzada da wata ƙanwarta suka kama hannuwan yarinyar suka ɗora ta a kan farin tawul da aka shimfiɗa a madadin ƙyallen da aka baro a ƙasa. Ta fizge hannuwanta. Ta tafi ita kaɗai, ƙafafu a gwame, tana jefa ɗaya gefe tana jawo ɗaya, tana rangaji.

"Seke," Grisha ya raɗa masa, "wallahi har ta ɗauka."

Apa ta ji shi. Ta ce duk ɗan shekara ɗaya haka yake tafiya, a tambaye ta in ƙanƙara ta narke, yanzu a zo a ɗaga baƙo daga ƙasa nama na hucewa. Maza uku suka kama Aibol suka miƙar da shi yana dariya, aka kai shi kujerar girma aka ajiye masa kan rago a gabansa.

Serikbol bai bi su teburin ba tukuna. Ya tsuguna a bakin ƙofar falo, ya kwantar da kai kusa da ƙasa, yana kallon ƙafar hagun 'yarsa da ta nufi kicin, ko jan ta take yi ko kuwa safa ce ta zame mata.