Mesar da Eliseo Ya Bari

Da Eliseo zai bar garinsu La Ceiba ya tafi ƙasashen arewa neman aiki, ya bar wa uwarsa Isidra mesarsa Canela, ya kuma bar mata magana. "Inna, in ban dawo ba, ki kai ta gida."

Gida a bakinsa shi ne tsibirin Cochinos, inda aka haifi ubansa. Wanda ya sayar masa da mesar a kasuwar La Ceiba ya rantse masa 'yar can ce. Macizan tsibirin masu haske ne kamar yashi, Canela kuwa duhu gare ta. Eliseo yakan ce ai launin mesar tsibiri yana sauyawa, tasa kewar gida ce ta rine ta, ran da ta taɓa yashin can za ta washe.

Bai dawo ba. Ya faɗo daga saman jirgin ƙasan kaya a Meziko, can aka binne shi. Isidra ba ta ga gawa ba. Ita da ko igiya ta gani a ƙasa sai tsigar jikinta ta tashi, ta koyi ɗana tarkon ɓera tana ciyar da abin da ɗanta ya bari.

Bayan addu'ar shekara, yayanta Crisanto ya ɗauke ta a kwalekwalensa zuwa tsibirin, mesar na cikin buhu.

"Riƙe bakin buhun nan da kyau, Isidra. In ta fito ruwa zan faɗa, in bar ku ku sasanta."

"Tsoho da kai, kana tsoron mai cin ɓera."

"Ni ma ba wani girma ne da ni ba."

A tsibirin suka sami Nereida, ɗiyar ƙawar Isidra, wadda ke aikin kula da macizan wurin. Ta kwance buhun, ta bar mesar ta zame ta cikin hannuwanta. Ta daɗe tana duban wutsiyar.

"Goggo, ki zauna tukuna."

"Faɗa mini a tsaye."

"Ba tamu ba ce. Namu gajeru ne, wutsiyarsu kamar cikin gwanda. Dubi tata, ja wur kamar busasshen jini. Dubi tsawonta. Irin wannan daga kudu ake kawo su, wajen Kolombiya. Ƙila ma a cikin akwati aka haife ta."

"Ya ce za ta washe."

Nereida ta sunkuyar da kai. "Ba za ta washe ba, Goggo. Kuma ba zan iya barin ki sake ta nan ba. In ta haihu da namu, jinin ya gauraye ke nan har abada. In da cuta a jikinta, ta shafa musu. Masu sayarwa sun taɓa kwashe su sai da suka kusa ƙarewa."

Ta kawo musu kifi da dakakkiyar ayaba. Isidra ba ta taɓa ba.

A hanyar komawa Crisanto ya zagaya ta bayan tsibirin, ya kashe inji kusa da wani lungu mai duhuwar itatuwa.

"Nan babu ido," ya ce. "Alkawarin mamaci ne. Yarinyar can ba ita ta haife shi ba."

Isidra ta ɗora hannu a kan ƙullin buhun. Tana jin nauyin mesar a cinyarta, tana motsi a hankali. Abu ɗaya yaron ya roƙe ta a duniya, ga shi kamu ɗaya tsakaninta da yashi. Amma gida ya ce. Canela ba ta san wurin nan ba, babu mai ɗana mata tarko a nan. Isidra ta tuna shi kwance a ƙasar da ba wanda ya san sunansa, ta ga kamar wani kabarin baƙunta za ta ƙara da hannunta. In kuma ta koma da ita, ta saɓa masa, kuma babu ranar da zai dawo ta ba shi haƙuri.

Ruwa yana bugun gefen kwalekwalen. Ta janye hannunta.

"Tada inji, Yaya."

"Isidra, alkawarin fa?"

"Ƙarya aka sayar masa," ta ce. "Kullum da safe sai ya ɗaga ta a rana, yana cewa, Inna, duba, ta fara haske. Ni kuma in ce e, ta fara."

Crisanto ya ja igiyar inji. Isidra ta rungume buhun a ƙirjinta, ta juya wa tsibirin baya, tana kuka har suka hango rufin gidajen La Ceiba.