Tsutsar Malam Sammani

"Kashi uku za a yi," in ji Malam Sammani, yana ɗaga yatsu. "Biyu nawa, ɗaya naka."

"Haba Baba!" Ɗanjuma ya dafe ƙirji. "Ni ke kuka, ni ke birgima a ƙasa gaban jama'a, kai ko kana bisa buzu kana shan iska. A raba biyu."

"Kai ka san sirrin aikin? Ɗaya dai, kuma ni ke zuba maka mai a babur. Sharaɗi guda: ko matarka kada ta ji."

A tsugune suke bayan rumfar masu gero a Babbar Kasuwa. Ɗanjuma ɗan acaba ne, shekara tara yana yawo da mutane cikin Katsina, amma baiwarsa ba ta tuƙi ba ce, ta kwaikwayo ce. Ranar da Malam Sammani, mai maganin haƙori, ya fara ganinsa, yana kwaikwayon wanda kunama ta harba, 'yan acaba na faɗuwa daga kan babura don dariya. Tsoho ya tsaya ya kalla, ya ce a ransa ga abokin sana'a.

"To nuna mini sirrin," in ji Ɗanjuma.

Malam Sammani ya waiga hagu da dama, ya kwance wani ƙulli. Wasu 'yan ƙananan iri ne, kamar 'ya'yan gauta. Ya dama su da man shanu, ya ɗora a kan guntun ƙarfen da ya yi ja cikin garwashi, ya kifa mazurari a kai, ƙarƙashi kuma kwano ne da ruwa. Hayaƙi ya tashi, irin ya riƙa fashewa ƙas-ƙas. Da ya ɗaga mazurarin, sai ga wasu farare sirara a lanƙwashe suna yawo a kan ruwa.

Ɗanjuma ya yi tsalle baya. "Innalillahi! Tsutsa!"

"Tsiron cikin irin ne, wawa. Zafi ke fiddo shi."

Ɗanjuma ya yi dariya har ya zauna daɓas cikin ƙaiƙayi. Tsoho ya ce tun kafin a haife shi yake wannan aiki. Ɗumin hayaƙi yana kwantar da zogi na yini guda, in ciwo ya dawo sai mutum ya ce wata tsutsar ce ta ƙyanƙyashe, ya sake dawowa. "Kuma ban taɓa kashe kowa ba," in ji shi.

Suka tafa.

* * *

Washegari da hantsi, kasuwa ta cika, Malam Sammani na ta kwarara kira a tsohuwar lasifikarsa, ba wanda ya tsaya. Sai ga babur a guje, ya ci birki har ƙura ta tashi. Mai shi ya sake shi ya faɗi, ya taho yana tangaɗi, kunci ya kumbura suntum saboda audugar da ya cusa, yawu na dalala a gemu.

"Wayyo haƙorina! Jama'a ku taimake ni, ko ku sare mini kan in huta!"

Ai kafin ka ce me, masu dako sun ajiye buhuna, mai rake ya bar baronsa. Ɗanjuma ya yi birgima, ya ciji hannun riga, ya kira sunan uwarsa. Ƙarti biyu suka danne shi, aka sa masa bakin mazurari. Ya shaƙi hayaƙi, ya yi tari, ya tofar da audugar cikin hularsa ba wanda ya lura. Malam Sammani ya ɗaga kwano sama.

"Ku ƙirga da kanku!"

"Ɗaya! Biyu! Uku!" Kasuwa ta ɗauka baki ɗaya, har bakwai. Wata tsohuwa ta rafka salati. Ɗanjuma ya miƙe a hankali, ya shafa kunci, ya zare ido, ya fizgi rake daga baro ya gatsa da gefen da ke ciwon. Wuri ya kaure da kabbara. Kafin azahar ko kwalba ɗaya ta maganin shafawar da yake sayarwa ba ta rage ba.

Wani ya ɗauki abin a waya. Cikin kwana uku babu unguwar da ba a ga birgimar Ɗanjuma ba. Da fuskarsa ta sanu, sai aikin ya canja: ya daina ciwo, ya koma shaida. Ya hau benci da lasifika, ya buɗe baki a leƙa, ya rantse cewa yanzu ko ƙashi yana taunawa. Fasinjoji kan ce a kira musu Mai Tsutsa Bakwai, shi suke so ya kai su.

A gida, can Ƙofar Sauri, matarsa Baraka ta tare shi da wayar maƙwabciya a hannu, ido ya cika da ƙwalla.

"Baban Rakiya, ashe haka ka sha azaba, muna ɗaki ɗaya ban sani ba?"

Dariya ta taso masa, ya haɗiye ta. "Ban so in tada miki hankali ne."

Tun daga ranar Malam Sammani bai da mai talla kamar Baraka. Gidan suna, gidan biki, wurin niƙa, ko'ina sai ta ba da labarin mijinta. Matan layin suka riƙa aiko da saƙon kwalba. Tukunyar gidan ta fara ganin nama, Ɗanjuma na jin matarsa tana ƙara wa tsutsotsin tsawo, yana murmushi cikin kwanon tuwo.

* * *

'Yarsu Rakiya shekararta huɗu. Ƙyanda ta kwantar da ita da damina, ta tashi a rame, wuya kamar zare. Ba ta gama murmurewa ba ta fara ƙin abinci. Dasashinta ya kumbura yana jini, bakinta ya soma wani irin wari da ko ƙofar ɗaki ka tsaya sai ka ji.

Malam Muttaka mai kemis na bakin layi ya haska bakin da fitilar waya, ya ɗago fuska ba walwala.

"Wannan ba na kemis ba ne. Ku kai ta asibiti yau, kada ku ce gobe."

Da Ɗanjuma ya dawo cin abincin rana, ya tarar da tsakar gida cike da mata, har da surukarsa, Inna, an sa yarinya a tsakiya. Aka gaya masa abin da mai kemis ya ce.

"To a shirya ta, in kai ta asibitin."

"Asibitin mi?" in ji Inna. "Kai da aka cire maka bakwai a gaban duniya? Tsutsa ce, ga wari nan. Gado ta yi."

"Na yara daban ne, Inna."

"Daban ta ina?" in ji Baraka. "Ko ɗiyarka ce ba ta kai a kai ta wurin Malam Sammani ba?"

Ya dubi matan. Babu wadda ba ta sayi kwalba a kan maganarsa ba. Inna kanta uku ta saya. Kalma ɗaya ce a bakinsa, amma ya ga yadda za ta fita ta zaga Ƙofar Sauri kafin la'asar, ya ga kansa ba shaida, ba suna, ba fuskar shiga layi. Ya ce a bari zuwa gobe, shi zai san abin yi. A ransa ya ƙudura da safe zai ɗauke ta a babur ba tare da kowa ya sani ba.

Da safe Malam Sammani ya bugo waya, ya ce motocin ƙauye sun shigo, kasuwa ta yi maƙil, ya zo maza. Ɗanjuma ya ce wa kansa awa biyu ba za ta ɓata komai ba.

Yana bisa benci, murya ta buɗe, jama'a na dariya, sai ya ga taron yana darewa. Baraka ce, goye da Rakiya, tana ratsowa da fara'a.

"Matar Mai Tsutsa Bakwai ce!" wani ya yi ihu. "Ɗiyarsa ta kawo!"

Wuri ya ɗauki sowa. Wayoyi suka tashi sama. Malam Sammani ya matso, ya yi masa raɗa: "Wannan ta fi birgimarka sau goma. Sauko ka riƙe ta."

Ɗanjuma ya sauko. Rakiya ta miƙo masa hannu, ya karɓe ta, jikinta zafi rau. Tsoho ya buɗe bakinta da yatsa, ya leƙa. Ɗanjuma ya ga hannun tsohon ya tsaya cak. Can ciki, inda kunci ya haɗu da dasashi, naman ya yi toka-toka.

"Wannan ba tawa ba ce," tsohon ya faɗa ƙasa-ƙasa, leɓe ko motsi ba ya yi. "In mun tashi ka nemi likita."

Sa'an nan ya juya ga jama'a, ya daka tsawa: "A kawo wuta!"

Ɗanjuma da hannunsa ya riƙe kan 'yarsa. Ta yi ta zillo, tana shaƙewa da hayaƙi, tana kiran Baba. Aka ɗaga kwano, kasuwa ta ƙirga goma sha ɗaya. Baraka ta yi guɗa. Wani ya tambaya ko a haɗa mata da na asibiti, Malam Sammani ya amsa a lasifika, kamar yadda ya saba amsa wa kowa: "Kwana bakwai kada wani magani ya taɓa bakin nan, in ba haka ba su dawo!"

* * *

Baraka ta riƙe kwana bakwai ɗin nan kamar azumi. Da Ɗanjuma ya ce Malam Sammani da kansa ya ce a nemi likita, ta ce ita da kunnenta ta ji abin da ya faɗa a lasifika. Ya ɗauko yarinya zai fita, Inna ta zauna a bakin ƙofa ta ce sai dai ya tsallake ta. Ya ajiye. Kwana ɗaya, kwana biyu, kunci ya kumbura yana sheƙi. A rana ta uku wani baƙin tabo kamar kwabo ya fito ta waje.

Ɗanjuma ya tsaya a kan 'yarsa, ya ga ko kuka ta daina. Ya fita a guje. Bai fi rabin awa ba ya dawo da ƙullin irin Malam Sammani a hannu, ya wuce murhu, ya tura ludayin ƙarfe cikin garwashi.

"Baraka, kawo ruwa a kwano. Inna, ki matso."

Ya zuba irin a ludayi. Ƙas-ƙas. Ya karkaɗe a ruwa. Fararen abubuwa suka baje suna yawo.

"Bakin wa suka fito?" in ji shi. "Ku faɗa mini, bakin wa? Ban taɓa ciwon haƙori ba tun da aka haife ni! Auduga ce!"

Baraka ta dubi kwanon. Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba. Ta sunkuci 'yarta ta goya, ta ja mayafi, ta fita. Ya tada babur ya bi ta yana roƙo ta hau, ta tsayar da wani ɗan acaba ta haye. Haka ya bi su a baya har asibiti.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ce ciwon sunansa noma a likitance, yana kama yaran da ƙyanda ko yunwa ta raunana, yana cin nama da ƙashi cikin kwanaki. Ta tambayi yaushe dasashi ya fara jini. Da aka gaya mata, ta ajiye biro.

"A ranar, da allura da wanke baki da abinci mai kyau sun isa. Yanzu ranta za mu nema. Abin da ya yi baƙi kuwa ya riga ya mutu."

* * *

Rakiya ta rayu. Bayan sati uku mataccen naman ya faɗi, ya tafi da haƙora huɗu, ya bar rami a kuncin hagu, ana hango harshe ta ciki. Aka rubuta sunanta cikin masu jiran aikin gyaran fuska a Sakkwato, aka ce sai ta yi ƙwari, kuma ba aiki ɗaya ba ne.

In ana maganar riba, Malam Sammani ya ci. Hoton yarinyar da aka cire wa goma sha ɗaya ya fi na ubanta yawo, har yau yana cikin wayoyin mutane. Ya sayi sabuwar lasifika, ya koma cin kasuwannin ƙauye da wani sabon mai birgima. Ɗanjuma ya rasa suna a layi, ya rasa muryar matarsa, don tun ranar ba ta ce masa komai sai abin da ya zama dole. Amma shi haƙoransa talatin da biyu suna nan garau.

Wadda ta yi asarar ba ta san an yi ciniki ba. Da safe takan zauna a bakin ƙofar ɗaki da kofin kunu. Ba wanda ya koya mata, ita ta gano da kanta: sai ta karkata kai dama, ta toshe kuncin da tafin hannu, sa'an nan ta kurɓa a hankali.