Rigar da Ke Ƙasan Akwati

Tun ranar da Cuthbert Ormerod ya bar cocin Anglikan ya koma Katolika, baƙar rigarsa ta limanci ta shige akwati. Gidan da cocin ya ba shi ma aka karɓe, shi da matarsa Enid suka kama ɗaki a saman shagon wani mai gawayi a birnin Leeds na Ingila. 'Yan Katolika sun karɓe shi hannu bibbiyu, amma ba su ɓoye masa ba: mai mata ba ya zama fada, wato limamin cocinsu, sai fa in matar ta rasu.

Sai ya koma rubutu. Littafi bayan littafi, zancen dai ɗaya ne, kewar bagade, teburin ibada na coci, da hannun da ya saba ɗaga gurasa mai tsarki. Mutane na karantawa suna share hawaye. Enid ce ke gyara masa kurakurai, don haka babu layin da ba ta sani ba, kuma ba ta taɓa cin karo da sunanta a ciki ba.

Da tarin fuka ya kwantar da ita, Fada Mulcahy na cocin unguwar ya zo dubiya. Da zai tafi, ta jiyo shi a bakin matakala yana ce wa mijinta, "Allah ya ba ta lafiya. Amma kar ka saki bitar Latin ɗinka na jan addu'a a coci, ba a san gobe ba." Bawan Allah, shi a ganinsa rarrashi ya yi.

Cuthbert ya shigo mata da shayi. Ta dube shi ta ce, "Maigida, ka fito da rigar nan ta sha iska. An kusa neman ta."

"Haba Enid, wace irin magana ce wannan?"

"Yo ƙarya na yi? Ai na daɗe ina tare maka hanya."

"Don Allah ki bari."

"To na bari. Zo ka durƙusa nan. Ka roƙa mini Allah in warke, in tsufa tukuf, har in binne ka da hannuna. Da ƙarfi, ina so in ji."

Ya ajiye kofin ya durƙusa. Mutumin da magana ba ta taɓa yi masa wuya ba ya buɗe baki, ya rufe. Shirun bai fi na haɗiyar yawu ba. Daga nan ya yi addu'ar kaf yadda ta ce, yana kuka, don yana sonta ƙwarai, kuma da gaske yake.

Amma ta riga ta ji shirun, ya yi mata zafi fiye da tarin. Ta ce amin, ta juya fuska bango.

"Rigar tana can ƙasan akwati, ƙarƙashin bargo," ta ce. "Kar ka damu, duk shekara ina sa mata maganin asu."