Tashin Inna Talle na Ƙarshe

"Ku kawo igiya, kar ya faɗa murhu!" in ji wani a tsakar gida.

Kulu ta tsaya da muciya a hannu, ta rasa ta inda za ta kama ɗanta. Almoustapha, mai kabu-kabu, saurayin da bai taɓa ɗaga mata murya ba, yana tsakar gida da hantsi ba riga, yana tsintar wani abu a iska yana cusawa aljihu. Abokansa ne suka riƙo shi daga wurin shayin biki. Ya durƙusa gaban turmi ya gaishe shi da sunan mahaifinsa marigayi, sannan ya ƙwalla ihu wai kunamu na hawan ƙafafunsa.

"Iskoki na," in ji wata maƙwabciya. "A ɗaure shi, a yi mai turare."

"Ba mai ɗaure shi."

Kowa ya juya. Inna Talle ce a bakin ƙofa, ta dafa bango. Katanga ɗaya ta raba gidanta da na Kulu, kuma tun farkon damina take kwance, ƙafafu a kumbure, ko fura sai Kulu ta tallafo mata kai.

"Inna, wa ya tashe ki?"

"Ihun ɗanki. Matso da ni."

Ta kama haɓar Almoustapha ta leƙa idonsa. Baƙin ya buɗe har ya kusa cinye sauran, ga hasken rana. Ta taɓa wuyansa: zafi kamar tukunya, amma ba ɗigon zufa. Leɓɓansa sun bushe, zuciyarsa na dukan ƙirji.

"Zaƙami na," ta ce. Ta dubi abokan. "Cikin shayi kunka sa mai?"

Suka sunkuyar da kai. Ɗaya ya ce wasa ne.

Inna Talle ta san irin wannan wasa. A Barmou, shekaru da yawa baya, samari sun zuba wa tilon ɗanta Rashidu 'ya'yan zaƙami a fura ranar gayya. Ya ga tabki ya ɗauka hanya ce, ya bi, bai fito ba. Tun da ta dawo Tahoua, duk damina sai ta bi jujin unguwa tana tumɓuke mai farin furen nan, ana yi mata dariya wai tana faɗa da ciyawa. Amma duk gidan da abin ya faɗa, ita ake kira.

"Ku rage hayaniya, ku kau da wuƙaƙe. Kulu, jiƙo zane. Ba iska ba ne, ɗiyata, dafi na ya hau mai kai. Abin da yake gani, gare shi gaskiya na, kada ku yi gardama da shi."

Ta zauna a ƙasa ta lulluɓa masa zanen, tana kakkaɓe ƙafafunsa. "Ga su nan na kore su. Saura guda. To, ta tahi."

Numfashinsa ya ɗan lafa. Da adaidaitar da aka kira don kai shi asibiti ta iso, ya ƙi shiga sai da Inna Talle. Kulu ta ce, "Inna, jikinki ba zai ɗauka ba."

"Rashidu bai samu mai riƙe mai hannu ba. Ku ɗaga ni."

A asibiti ta faɗa wa likita abin da ya sha, aka yi masa allura, aka ɗaura ruwa. Ta wuni a gefen gadon tana haki, hannunsa cikin nata, duk sanda ya zabura sai ta kira sunansa a hankali. Washegari ya farka ya ce, "Mama, ina moto na?" Bai tuna komai ba, sai dai ya kwana biyu rubutu na yi masa dishi-dishi.

Inna Talle kuwa ba ta sake tashi ba. Ranar Laraba bayan azahar, Kulu na shafa mata mai a ƙafa, ta tambaya, "Ya ci abinci?"

"Ya ci, Inna. Har ya ƙara."

"Madalla." Ta yi shahada, ta juya fuska bango.

Kulu ta yi zaton 'yan unguwa kawai za su zo, tunda tsohuwar ba ta da kowa. Kafin la'asar layin ya cika. Ga mahauci da jini bai gama bushewa a rigarsa ba, ga malamin lakwal, makarantar boko, ga soja cikin kaki, ga wani da ya taso tun daga Bambeye. Wata baƙuwa ta kama hannun Kulu ta nuna sojan. "Wancan nawa na. Ita ta zauna da shi."

"Maƙwabciyata ce," in ji Kulu, ta ɗaga kai. "Katanga guda."

Aka fito da makara, Almoustapha a gaba. Masu son ɗauka sun yi yawa har ba wurin tafiya, sai suka jeru sahu biyu suka tsaya. Kulu na bakin ƙofa tana kallo, makarar na wucewa daga hannu zuwa hannu, a hankali, har ta sha kwana.