Hular Ƙarfe a Haƙorin Sarfaraz

Sarfaraz ya banka ƙofar asibitin haƙori da jar rigarsa ta 'yan badujala, ƙaho a hammata, ya ratsa masu jiran layi. Ya warware hankici a kan teburin likita. Hular haƙorinsa na gaba ce, ta rabe gida biyu kamar ɓawon gyaɗa.

"Ga aikinka, Dakta."

Likitan, ƙaninsa Tanwir, bai ɗago ba. "Ban hana ka shigo min da wannan rigar ba, Yaya?"

"Rigar da ta kai ka makarantar likita? Duba min nan. Busa ɗaya na yi ta tsage."

"Me na ce maka ranar da na feƙe haƙorin? Wannan roba ce ta wucin gadi, kafin ta tangaran ta iso daga Lahor. Don cin shinkafa aka yi ta, ba don a danna mata bakin ƙaho ba."

Sarfaraz ya taɓa guntun haƙorin da harshe, iskar fanka ta buge shi har ƙwaƙwalwa. Da la'asar za su raka ango gidan Chaudhry, biki mafi girma a Gujranwala bana. Shugaban badujala ya riga ya faɗa masa, in sautinsa ya sake rawa kamar makon jiya, akwai masu jini a jika da ke jiran gurbinsa.

"Akwai mai tauri, wadda kake sa wa masu kuɗi. Sa min ita."

"Ita ma tsagewa take yi, ba ta lanƙwasa. Ka haƙura da busa har ta gaskiyar ta zo."

"Ko dai don an gayyace ka bikin ne? Kana tsoron abokanka su ga yayanka yana busa a rana, ana liƙa masa?"

Kunnuwan Tanwir suka yi ja. Ya ja aljihun tebur da ƙarfi, ya fito da wata 'yar hula ta ƙarfe, irin da ake sa wa turamen haƙora.

"Ƙarfi kake so? Hau kujera. Wannan ko rake ka ɓare da ita ba za ta yi komai ba. Amma saiwar da ke ƙasa tana iya fashewa, in ta fashe sai cirewa. Kada ka dawo min da kuka."

"Kukan da na yi na ƙarshe, ranar da ka ƙi ɗaukar makarar Baba tare da makaɗa ne."

Tanwir ya yanke gefen hular, ya matse ta da awartaki, ya danna ba tare da allurar kashe zafi ba. Sarfaraz ya riƙe hannun kujera, bai ba shi ko nishi ɗaya ba. Da ya duba madubi, sai ga abu na walƙiya a tsakiyar bakinsa kamar murfin kwalba.

Hular ta riƙe. Tun daga kan titi har cikin rumfar biki sautinsa bai girgiza ba, ko da yake kowace doguwar busa sai ya ji kamar ana buga masa ƙusa a dasashi. Ya hango Tanwir cikin baƙar kwat a teburin likitoci, ya nufi wurin, ya saki busa a kan farantan shinkafarsu ta biryani har kofuna suka yi ƙara.

Wani dattijon likita mai furfura ya yi dariya, ya riƙo hannun rigarsa.

"Ustad, gwani, busa sai kai! Amma buɗe bakin nan mu gani. Subhanallah! Wane mugu ne ya yi maka wannan aika-aika?"

Cokalin Tanwir ya tsaya a iska. Sarfaraz ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, yana jin ɗanɗanon jini a bayan leɓe.

"Wani mai walda ne a bakin tasha, ranka ya daɗe," ya ce. "Ba shi da kowa, shi ya sa nake kai masa ciniki."

Teburin ya fashe da dariya. Sarfaraz ya goge bakin ƙahon da hannun riga, ya koma cikin sahu.