Da Sauƙi

"Karanta mini duka, Baba, kada ka tsallake ko layi ɗaya."

Maman Lauya ce a bakin ƙofarsa da safiyar Talata, tef ɗin awo rataye a wuyanta, tana miƙo masa wata takarda da ta sha ninki. Tela ce. Ita da mijinta, direban babbar mota, su ke haya a ɗakuna biyun da ke jikin nasa. Bango ɗaya ya raba su, bangon kuma bai iya riƙe sirri ba.

Baba Mai Gyara ya lalubo tabarau. Shekara talatin da ɗaya ya yi a maɗaba'a yana gyara kurakuran marubuta kafin a buga littafi, sunan kuma ya biyo shi har bayan ritaya. Duk takardar da ta gagari mutanen gidan wurinsa take zuwa. Yakan karɓa yana mita, amma ranar da ba a kawo ba sai ya wuni yana jin haushin kowa.

"Wannan likitan da ƙafa yake rubutu?"

"Baba, don Allah."

Likitan ƙaramin asibitin unguwa ne ya rubuta jiya da yamma. Yarinya 'yar shekara bakwai, kwana biyu tana ciwon ciki, ya fara daga cibiya ya gangara ƙasa ta dama, ga amai ga zazzaɓi. Ana zaton afendis ne. A kai ta babban asibiti a yi mata tiyata cikin gaggawa. An rubuta gaggawar da harafi ɗaya a ɓace, kuma can idonsa ya fara sauka.

"Mene ne afendis ɗin?"

"Wata 'yar wutsiya ce a jikin hanji, ba ta kai ƙaramin yatsanki ba. Ba ta da aikin yi sai kumbura. In ta kumbura su cire."

"Yanka ta za su yi ke nan."

"Su ba sa cewa yanka. Aiki suke cewa."

Ta murza ƙarshen tef ɗin a yatsa. "Jiya ya ce in wuce da ita kai tsaye. Na kasa, Baba. Babanta na hanya, sai jibi zai iso. Da na same shi a waya ya ce in tambaye ka, duk abin da ka ce shi za a yi."

Shekara shida da suka wuce shi ma an miƙa masa takarda a wani asibiti, ya sa hannu da kyakkyawan rubutunsa. Aka ce ƙaramin aiki ne, awa ɗaya an gama. Matarsa ta cire 'yan kunnenta ta ba shi ya riƙe mata. Har yau yana riƙe da su.

"Mu je in gan ta," ya ce.

Keken ɗinki na jikin taga, ƙyallaye zube a ƙasa. Lauya na zaune a kan gado ta jingina da bango, tana ware maɓallai kala-kala a murfin gwangwani. Sunan ya same ta ne saboda tun da ta iya magana babu wanda ya taɓa kayar da ita a gardama, har da mai gidan hayar.

"Tsoho, hannu rabbana ka zo gaishe ni?"

"Ni mara lafiya aka ce in zo in gani, sai na tarar da baki."

"Bakina lafiyarsa lau. Cikin ne, shi ma ya daina."

"Yaushe?"

"Da asuba," in ji uwar. "Tana ta murƙususu tana kuka, sai kawai ta yi tsit. Ta ce ya tafi."

"Kamar an kashe rediyo," in ji Lauya.

Ya ɗora bayan hannu a goshinta. Da zafi. Leɓunanta sun bushe, kuma ya lura ba ta motsa ƙafarta ta dama, hannu kawai take miƙawa ta ɗauko maɓalli. Ya ga duk wannan. Mutum ne da yake hango ɗigon da ya ɓace a shafi daga tsaye.

"Tsoho, da gaske yanka ni za su yi?"

"Wa zai iya? Kafin su ɗauki wuƙa kin maka su a kotu."

A bakin ƙofa ya rage murya. "Ciwon da ya tafi da ƙafarsa, me za a buɗe ciki a nema? Ki bari babanta ya dawo. In ya sake tasowa, sai a tafi."

Kafaɗunta suka sauka. Ta yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka ɗauke wa tulu daga ka. Shi kuma ya ji wani daɗi, daɗin wanda ya ƙwato rai daga hannun masu farar riga.

Wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta miƙa masa da sauri. "Likitan jiya ne. Ni ban iya magana da su ba."

"Yaya jikin yarinyar?" Ana jin hayaniyar marasa lafiya a bayansa.

"Da sauƙi, likita."

Abin da kowa ke faɗa ke nan. Shi kansa ya faɗa wa masu dubiya haka a gefen gadon matarsa, saura awa biyu ta cika. Likita ya ji kalmar nan sau dubu, ya san gaisuwa ce, ba labari ba. Don haka bai tsaya a kanta ba.

"Kun isa babban asibitin?"

"Muna shiri."

"To, kada ku ɓata lokaci."

Ya kashe. Daga baya Baba Mai Gyara ya ƙirga abin da ya rage bai faɗa ba. Ciwon ya ɗauke da asuba. Kalma biyar ne.

Ranar Laraba keken ɗinki ya yi ta aiki ta bayan bango har azahar, shi kuwa yana kwance yana karatu, yana jin ƙarar kamar shaida ce a kan ya yi daidai. Wajen la'asar keken ya tsaya a tsakiyar layi. Sai bugun ƙofa.

Lauya na kwance ta gefe, ta naɗe gwiwoyi. Cikin ya kumbura ya yi tauri kamar katako. A cikin roba a ƙasan gado ga koren amai. Ya ce, "Ranki ya daɗe, mai shari'a," ba ta ko buɗe ido ba.

A cikin tasi uwar ta rungume kanta, shi ya riƙe ƙafafun. Duk ramin da motar ta faɗa sai yarinyar ta yi wani siririn nishi. Ya yi wa mai tasi faɗa a kan gudu, ya dawo ya yi masa faɗa a kan rashin gudu.

Likitar tiyatar yara mace ce, ba ta wuce sa'ar 'yar da bai taɓa haifa ba. Ta danna cikin a hankali, ta ɗauke hannu, yarinyar ta zabura. Ta buɗe takardar.

"Litinin aka rubuta wannan. Yau Laraba."

"Ai ta samu sauƙi ne jiya, likita," in ji uwar. "Ciwon ya tafi gaba ɗaya."

"Ba tafiya ya yi ba, Mama. Fashewa ya yi. Abin da ya kumbura in ya fashe, ciwon yakan lafa na ɗan lokaci, mugunyar kuma tana can tana bin ciki." Ta dube su su biyu. Babu faɗa a muryarta, gara ma da akwai. "Wa ya ce ku jira?"

A jikin bango akwai sanarwa a kan lokacin dubiya. Baba Mai Gyara ya zuba mata ido. Ya samu kuskure biyu a ciki.

"Ni ce," in ji Maman Lauya. "Tsoro na ji."

Ya ci gaba da kallon sanarwar. Aka kawo takarda, ta sa hannu, aka tura gadon ta wata ƙofa mai buɗewa biyu.

Awa uku suka yi a kan benci. Da likitar ta fito ta ce sun cire, sun wanke cikin iya abin da za a iya, saura kuma jikin yarinyar ya yi nasa yaƙin. Aka kwantar da ita a ɗakin yara, roba ɗaya ta hanci, ɗaya ta gefen ciki, ƙarin ruwa a hannu.

Direba ya iso Alhamis da hantsi, rigarsa na warin man mota. Ya tsaya a kan 'yarsa ya daɗe, sannan ya juyo ya kama hannun Baba Mai Gyara da hannu biyu.

"Baba, ban san da bakin da zan gode maka ba. Ba don kai ba, da matar nan har yanzu tana gida da ita."

"Haba," in ji shi. Iyakar abin da ya fito ke nan.

Da yamma iyayen suka fita magana da nas, aka bar shi a kujerar gefen gado. Lauya ta buɗe ido. Muryarta ta koma kamar ta tsohuwa.

"Tsoho."

"Na'am."

"Ka ce ba za su iya ba."

"Na ce."

"Ka faɗi ƙarya ke nan."

"Na faɗa."

"To biya tara. Ba ni ruwa."

"Likita ta hana. Sai dai in jiƙa miki leɓe da auduga."

Ta dube shi ta gefen ido, irin kallon da take yi in ta kama mutum a tsakiyar magana. "Shekaranjiya ai ba ka ji maganar likita ba."

Ruwa kawai take nema. Ya san ruwa kawai take nema. Ya tsoma audugar a kofi, ya shafa mata. Ta tsotsa, ta lumshe ido.

Zazzaɓin bai sauka ba. Aka canza magani, aka sake canzawa. Likitar ta ce gubar ta shiga jini. Juma'a da safe, wajen ƙarfe goma, mai shara na goge ƙasa a tsakanin gadaje, Lauya ta cika. Mai sharar ta jingina sandarta da bango ta fita a hankali.

Mutane suka zo suka tafi. Duk wanda ya gaishe da iyayen sai ya gaishe shi, ana cewa shi ne ya tsaya musu kamar uba. Ya amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Lahadi ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado, inda yake ajiye shafukan gwaji na littattafan da ya gyara. Wani abu ke masa ƙaiƙayi a ƙwaƙwalwa tun a asibiti. Ya samo shi kusa da ƙasan kwalin: ɗan littafin kiwon lafiya na iyaye, shekara goma sha biyar da bugawa. Babin ciwon cikin yara. Layi na huɗu daga ƙasa.

Idan ciwon ya ɗauke farat ɗaya kada a ɗauka sauƙi ne.

Bayan "farat ɗaya" ga alama da jan biro, a gefen shafin kuma ga rubutunsa, tsaf-tsaf: a sa waƙafi. Sau uku yake karanta kowane shafi kafin ya sake shi. Ƙa'idarsa ce, da ita yake yi wa yaran aiki gori. Sau uku ya karanta layin nan, kuma waƙafin ne kawai ya gani.

Bayan mako guda Direba ya koma hanya. Baba Mai Gyara ya tarar da uwar a tsakar gida wajen famfo, tana shanya. Kayan yarinyar ne ta wanke, za a bai wa wasu. Hadari ya haɗo ta gabas.

Ya buɗe baki zai ce Maman Lauya, sunan ya maƙale.

"'Yata."

Ba ta juyo ba. "Na'am, Baba."

"Ni na ce a jira. Likita ta tambaya na yi shiru, na bar ki kika ɗauka."

"Na sani. Ina wurin."

"In babanta ya dawo zan gaya masa."

Ta matse wata 'yar riga, ta kaɗa ta, ta rataya. Sannan ta juyo.

"Ka gaya masa me? Shi ya ce in tambaye ka. In ka gaya masa, da wace zuciyar zai riƙe sitiyari kwana huɗu shi kaɗai a mota? Yanzu ya ɗauka tsorona ne. Ya yi mini faɗa, ya yi kuka, ya haƙura. Kuma tsoron nawa ne, ba ƙarya na yi ba. Da ka ce a jira, daɗi na ji."

"Amma ni na karanta takardar. Ni na sani."

"To ka sani." Ta zubar da ruwan bokitin a magudana. "Kada ka sauke kayanka a kan mijina, Baba. Ka riƙe abinka. Ni ma ina riƙe da nawa."

Ta ɗauki bokitin ta shige ɗaki, ta ja ƙofa.

Ya tsaya a wurin. Iska ta taso, ɗigon farko ya faɗo a kan siminti, sai na biyu. Babu wanda ya fito. Ya bi igiyar yana cire kayan ɗaya-ɗaya: rigar makaranta, siket biyu, safa mai rami a diddige. Duka ba su cika hannunsa ɗaya ba.

Ya je bakin ƙofarta ya tsaya a ƙarƙashin kwano. Ruwan ya kece. Ya ɗaga hannu zai buga, sai ya sauke. Danshin kayan na ratsa hannun rigarsa a hankali.