Dutsen Malik Shahzar

"Ciro dutsen nan daga ƙarƙashin gado," in ji Malik Shahzar, "ka kira min Liman."

Na ɗauka zafin ciwo ne. Shekara arba'in muna katanga ɗaya, ban taɓa jin ya kira Liman Niyaz Gul da wani suna ba sai "ɗan mai karɓar gurasa", don ubansa, tsohon limaminmu, gidajen mutane ne suka ci da shi. A da, in dattawa suka zauna jirga, wato taron sulhu, liman addu'a kawai yake yi ya koma bakin ƙofa. Yanzu shi ke da lasifika da mota, zauren Malik kuwa daga ni sai ƙudaje.

Dutsen nan ran ɗana Zarin ne. Da Zarin ya kashe ɗan gidan Toti Khel a rikicin ruwan gona, Malik ne ya aza dutse tsakaninmu: ba ramuwa muddin yana numfashi. Ga numfashin yana ƙarewa, 'ya'yansa duk suna Dubai. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba.

Liman ya shigo. Na ja masa kujera, ya wuce ta, ya tsugunna wajen ƙafar gado inda ubansa ke zama.

"Ka yi ƙiba, ɗan Liman."

"Gurasar gidanku ce, Baba, har yau ba ta sake ni ba."

Malik ya miƙa masa dutsen. "Maganata ta riga ni mutuwa. Taka ake ji. Riƙe."

"Baba, ni wa'azi na iya."

"Shi ya sa na ce ka saurara. Ka bar motar nan, ka tafi gidan Toti Khel da ƙafa. Ka sha shayinsu kofi uku kafin ka buɗe baki. Ka fara gaida uwar mamacin ta bayan ƙofa. Maza ke riƙe da bindiga, ita ke riƙe da maza."

Ranar Laraba da hantsi Malik ya cika. Liman ya iso wajen jana'iza ƙura har gwiwa, mutanen Toti Khel na bin sa hannu wofi. Da aka ɗaga makara, wan wanda Zarin ya kashe ya kama gaba, ya dubi Zarin.

"Kama can mana, tsohon nan da nauyi."

Zarin ya sa kafaɗa. Ni kuwa na zauna a ƙasa na yi kuka.

Dutsen yana kan tagar masallaci yanzu, kusa da batirin lasifika.